Taken Bahagon Makera

Duk wanda ya san dambe a kudancin kogin nan ya san Zakariyya'u Bahago, mahaucin unguwar Makera. Ka tambaya daga Nasarawa har unguwar Television, ba wanda zai ce maka ya taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa. Rikici ya zo ya wuce, masaƙu sun rufe, sa'o'insa duk sun kwanta dama, shi kuwa yana nan daram.

Ran nan da hantsi sai ga Damaris daga Romi, 'yar wata mata da ta daɗe tana sayen nama a wurinsa, da kwali a hammata. Wasa take haɗawa, irin wanda ake kewaye tebur, kowa ya ɗauki katin ɗan dambe ya zama shi, a jefa ɗan lido a ga wanda zai yi kisa. Ta baje kayan a teburin zaure.

"Baba, ga katinka. Na ba ka ƙarfi biyar."

"Biyar cikin nawa?"

"Cikin shida."

"To shidan wa kika ajiye wa? Aljani?"

Ta yi dariya ta gyara. "Saura doka ɗaya. Kai ka ce mini ɗan dambe ba ya zabura sai ya ji takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. To a wasana, wanda ya buga taken gwaninsa a kan tebur, jifa biyu gare shi. Buga mini naka in ɗauka a waya."

"Iyakar abin ke nan? Matso!"

Ya ɗora yatsu ya fara. A'a, wannan taken wani ne da ya taɓa kayarwa. Ya sake, abin ya watse. Ashe shi bai taɓa buga shi ba. Sani mai kalangu ne ke bugawa, shi nasa kawai ya ji jikinsa ya ɗau wuta. Sani kuwa ya daɗe a ƙasa, ba wanda ya naɗe kiɗansa a kaset.

"Teburin nan naki ba shi da murya," in ji shi.

"Naka ne, Baba. Ba komai, sai in bar katinka ba take."

Ya sha naushi a duniya, amma ba wanda ya shige shi kamar wannan. Ya tsura wa katin ido.

Can sai ga wani sauti daga tsakar gida, a hankali, yatsu a kan tiren tsintar wake. Tsigar jikinsa ta tashi. Hannun hagun ya dunƙule da kansa.

"Ke Ladi!" ya kira matarsa. "Ina kika samo wannan? Ke da ba ki taɓa leƙa fage ba?"

Ta fito da tiren. "Fagen ai bayan katangarmu yake, Malam. Kai kana jin sa kana dukan 'ya'yan mutane, ni ina jin sa ina addu'a. Muddin yana tashi, na san kana tsaye."

Damaris ta ɗago waya. Ya ɗaga mata hannu.

"Dakata tukuna, 'yata. Ladi, sake."

Ta sake. Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyin suna ƙara, ya rufe ido.

"Sani yakan ɗan ja shi a ƙarshe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sani," in ji Ladi. Ta ja shi.