Shekarar da Iska Ta Yaye Kwano

Shugabar makarantar tana tsaye a kan benci, tana ɗaure bakin ƙyallen maraba a jikin rumfa, Mataimaki ya sake zuwar mata da maganar, karo na uku ke nan tun safe.

"Ranki ya daɗe, ni fa har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ki bar ni in karanta rahoton nan daga takarda, minti goma an wuce wurin. Baba Malam ya zauna a babban tebur, a yi masa tafi, a ɗauke shi hoto. Wa ya yi asara?"

"Miƙo mini igiyar can," ta ce.

Ya miƙa mata, ya tsaya yana kallon ta. Mataimaki mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ko ruwa za a sha sai sun sa shi a jadawali. Kuma yau ta san gaskiya tana wajensa.

A wannan makaranta ba a karanta rahoton ƙarshen shekara, da ka ake kawo shi. Baba Malam, tsohon shugaban makarantar, shi ne ya ɓullo da abin tun makarantar tana aji uku da ofis guda, lokacin da ko tafireta babu. Sai ya tsaya gaban iyaye, hannuwa a baya, ya zayyano duk abin da aka yi a shekarar: wanda ya ci, abin da aka gina, malamin da ya zo da wanda ya tafi, har yaron da ya shigo da in'ina ya fita yana karatu a gaban aji. Da aka sami tafireta bai daina ba, da kwamfuta ta zo ma haka. Ya yi ritaya shekara biyar da suka wuce, amma duk ƙarshen shekara ana kai masa jerin abubuwan har gida, ya haddace, ya zo ya kawo. Iyaye da yawa shi suke zuwa ji, rabon kyaututtukan gyara ne kawai.

Bana kuwa akwai abin faɗa. An kammala katanga, awaki sun daina halartar darasi. An buɗe ɗakin gwaje-gwaje, an ja ruwan famfo har bayan azuzuwa. 'Yan matan aji shida sun ciwo kofin kacici-kacici, kuma cikin yara arba'in da bakwai da suka zauna jarrabawar fita, arba'in da uku sun haye. Shugaba ta sha wahalar shekarar nan, tana kuma so a ji.

Amma a watan jiya Baba Malam ya shigo makarantar, ya tsaya a tsakiyar fili, ya tambayi maigadi ina ofis yake. Ofishin da ya zauna a ciki shekara talatin. Da labarin ya iso mata, ta je gidansa da niyyar ta ce bana an sauya tsari. Ta tarar da shi a kan tabarma, ya ɗago kai ya ce, "Kin kawo?" Sai kawai ta buɗe jaka ta ba shi takardar. Shi ya koya mata riƙe fensir, shi ya sa hannu a takardarta ta shiga kwalejin malamai.

Yau wajen ƙarfe goma tasi ta sauke shi a bakin ƙofa tare da autarsa. Ya sha guga, ya kafa hula, yana tafe yana amsa gaisuwa kamar jiya ya bar wurin. Autar ta ja Shugaba gefe.

"Anti, jiya da yamma ya kawo mini shi tun daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe bai yi ba. Yau da safe kuma ina ba shi takalmi ya ce ina za mu."

"Kin gwada yi masa magana?"

"Ni? Ai in ke ba ki iya ba, babu mai iyawa. Ke ce ta gaban goshi. Abin da nake tsoro kawai kada ya tsaya a tsakiya yaran nan su yi masa dariya. In haka ta faru, ba zai ƙara fita ko ƙofar gida ba. Na san halinsa."

Shugaba ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, cikin dabara, ko zai so a ajiye masa takardar a kan tebur, don ko ta kwana.

"Takarda?" Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke yanzu kin zama shugaba har kin fara raina mutane. Je ki ji da baƙinki."

Rumfa ta cika. Iyaye a kujerun roba, yara a kan bencinan da aka kwaso daga aji, babban baƙo daga ofishin ilimi a tsakiyar tebur yana duba agogo tun kafin a fara. Aka yi waƙar makaranta, 'yan ƙananan aji suka yi wasan kwaikwayo wanda likitan ciki ya manta maganarsa ya ɓarke da kuka. Sannan mai gabatarwa ya ce ga Baba Malam da rahoton shekara. Tafin da aka yi masa ya fi na babban baƙo nesa ba kusa ba.

Ya tsaya gaban abin magana, ya mayar da hannuwa baya.

"Iyayen yara, malamai, da ku masu surutu a baya, ina ganin ku. Ga abin da shekara ta zo mana da shi."

Ya faɗi katanga, har da tsawonta. Ya faɗi ɗakin gwaje-gwaje da ranar da aka buɗe shi. Shugaba ta fara sakin numfashi. Ya ce, "Na uku," sai ya yi shiru.

Shirun ya yi tsawo. Ana jin ƙarar janareta daga bayan ofis. Wani yaro ya yi 'yar dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Shugaba ta ga yatsun Baba Malam a bayansa suna murza juna.

Can sai ya gyara tsayuwa, muryarsa ta fito tas, ta ma fi ta ɗazu ƙarfi.

"Na uku, kamar yadda kuka sani, a farkon damina iska ta yaye mana kwanon aji huɗu, ta kai shi har bayan masaƙa. Mako bakwai yaranmu suna karatu a gindin bishiya, in hadari ya taso su kwashi allo su ruga baranda. Amma ko kwana ɗaya ba mu rufe ba."

Babban baƙo ya ɗaga kai ya dubi rufin azuzuwan, lafiyarsu ƙalau, fenti ma bai daɗe ba. Yara suka shiga kallon juna. Ita Shugaba ba ta buƙatar duba komai. Ta san wannan kwanon. Tana aji shida aka yi abin, shekara ashirin da tara da suka wuce, kuma masaƙar da yake faɗa tuni ta zama tashar mota.

Mataimaki ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"In sa a kashe lasifika? Sai mu ce wuta ce. Kafin a gyara na zaunar da shi, babu wanda zai gane."

Dabara ce mai kyau, kuma don rufin asiri ya kawo ta. Ta dubi wayar lasifikar, ga ta nan kusa da ƙafarta, ja ɗaya ya isa. Ta dubi autar, ta ga ta rufe baki da gefen mayafi. Sannan ta dubi iyaye. A layi na biyu wata tela, wadda 'ya'yanta uku suke makarantar, ta ajiye mafici a cinya, ta miƙa wuya gaba, leɓunanta suna motsi. Bayanta wani direban bas ya cire hula yana sosa sanƙo yana murmushi shi kaɗai.

"Bar shi," ta ce.

"Ranki ya daɗe, babban baƙo..."

"Na ce bar shi."

Baba Malam yana can yana tafiya kamar ruwa a gangare. Ya faɗi yadda iyaye suka ɗauko kwanon a ka, kafinta ya buga shi bai karɓi ladan aiki ba. Ya faɗi malamar lissafi da ta haihu ranar jarrabawa, ta aiko daga asibiti a tambayo mata ko yara sun iya tambaya ta biyar. Wasu iyaye suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya jiƙanta, don ta daɗe da rasuwa.

"A tseren miƙa sanda mun ciwo kofi, karo na farko a tarihinmu. Wanda ya ƙarasa mana shi, Ƙafar Barewa. Yana ina?"

Sai kujera ta yi ƙara a can tsakiya, mai kemis na bakin titi ya miƙe da ƙyar, teɓa a gaba, yana riƙe da bayan kujerar gabansa.

"Ga ni, Malam."

Wurin ya kaure da dariya. Ɗansa da ke aji biyar ya miƙe kan benci yana leƙen ubansa, baki buɗe.

"Sarkin Latti, wanda bana ya yi mako uku cur bai makara ba."

Direban bas ya tashi. Wata mata daga baya ta ce, "Wallahi Malam har yau bai daina ba, jiya sai da ya makarar da ni asibiti." Aka sake fashewa.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sunayen da shi ya raɗa musu. Su goma sha tara ne ajin farko da suka zauna jarrabawar fita. Bakwai suka miƙe a cikin rumfar. Wasu aka ce suna wani gari. Sau biyu ya kira suna babu wanda ya tashi, babu kuma wanda ya ce komai, shi ma bai tsaya tambaya ba. Shugaba ta ji kewar waccan shekarar ta taso mata: ƙamshin ƙasa bayan ruwa, alli a jiƙe ya ƙi rubutu, da mahaifiyarta zaune a wannan filin a kan tabarma, lokacin da babu rumfa balle kujera.

"Ta ɗaya a ajin, yarinyar da ta hana ni sakat shekara shida. Uwar Tambaya, fito."

Babu wanda ya kira ta haka tun da ta yi aure. Tsofaffin 'yan ajinsu suka juyo gaba ɗaya suna kallon babban tebur. Ta ajiye biro, ta tashi, ta zagaya ta gaban baƙo, ta je ta tsaya gabansa, ta rusuna. Ya laluba kan tebur ya ɗauki kyautar da ke sama, wadda aka naɗe wa ta ɗaya ta bana, ya danƙa mata.

"Ki rage tambaya, ki ƙara haƙuri," ya ce, daidai yadda ya faɗa a wancan karon. "Iyakar abin da shekara ta zo da shi ke nan. Allah ya kai mu baɗi."

Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, har yaran da ba su san kan zancen ba. Autar ta zo ta kama hannunsa ta zaunar da shi.

Shugaba ta goge ido, ta karɓi takarda hannun Mataimaki, ta karanta sauran na bana: ruwan famfo, kofin kacici-kacici, yara arba'in da uku. Ta kira 'yan matan aji shida da sunayensu, ta miƙa wa ta ɗaya kyautarta, ta ce ta yi haƙuri, ta biya ta hannun wata ne. An yi tafi yadda ya kamata. Babban baƙo ya yi jawabi ya yaba wa makarantar da ke riƙe da tarihinta, a zatonsa shirya abin aka yi. Babu wanda ya gyara masa.

Bayan an watse, ana ta harhaɗa kujeru, ta raka Baba Malam bakin ƙofa. Autar ta tsallaka titi neman tasi. Shugaba ta riga ta shirya abin da za ta ce in ya tambaye ta yadda ya yi. Za ta ce bai tsallake komai ba, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Bai tambaya ba. Yana kallon motoci suna wucewa ya ce, "Arba'in da nawa suka ci?"

Ta juyo ta dube shi. "Da uku, Malam."

"Da uku. Madalla." Ya gyaɗa kai. "Ina cewa na uku ta ɓace mini ɗungurungum. Na laluba bara, babu. Na laluba bara waccan, babu. Waccan ce kaɗai na tarar tana nan da ƙafafunta, sai na ce gara in fito da ita da in tsaya kamar gunki a gaban yara."

Ta matso kusa da shi.

"Na ji sanda yaron nan ya ce a kashe lasifika. Kunnena bai tafi ba tukuna." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Baɗi kada ki kawo mini takarda. Ko na ce kin kawo, ki ce kin manta."

"To, Malam."

Tasi ta tsaya. Ta buɗe masa ƙofa, ta sa hannu a saman ƙofar kada ya buge kai, ta tsaya a wurin har motar ta sha kwana.