Gurbin da Baffa Yake Gogewa

Ni fa aikina ke nan, kada wani ya ɗauka karambani na yi. Shekarata bakwai ina kula da rumbun bayanai a wani kamfanin jigilar kaya. In rubuta wa na'ura tambaya ta amsa min, idan ta ƙi kuma in bi ta da lallashi ko da masifa har ta faɗi abin da ke damunta. Shi ya sa da Kaka ya ce yana so ranar da zai cika shekara casa'in a manna zuriyarsa kaf a bangon falo, kowa a ƙarƙashin wanda ya haife shi, dangi duk suka juyo suka zuba min ido. Ni kuma da shegen son yabo na ce ai wannan wasan yara ne.

Sharaɗi ɗaya Kaka ya gindaya, kada a bar kowa. Yana da dalilinsa. A taron da ya gabata da hannu aka rubuta sunaye, aka tsallake Goggo, ƙanwar babana, ta yi shekara biyu cur ba ta taka gidan ba.

"Ki bar min ko jariri ɗaya ki gani, Injiniya," in ji shi, yana nuna ni da sandarsa. "Wannan karon ba ni da shekara biyun da zan ba wani ya yi fushi a ciki."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna min a rai.

Na ɗora manhajar rumbun nan ta kyauta, wadda kowa zai iya saukewa ya leƙa cikinta ya ga yadda aka ƙera ta. Na yi jadawalin mutane, kowa da layinsa: lamba, suna, gurbin wanda ya haife shi, gurbin wadda ta haife shi. Na yi wani na aure, don surukai su samu ƙofar shiga. Sannan na aika wa kowane gida fom a waya da mabuɗinsa, na ce su cika. Wata biyu ana abu ɗaya. Tambayar da zan yi wa rumbun kuwa ba ta da wani tsawo. Ta fara daga Kaka, ta nemo duk wanda lambar Kaka ke gurbinsa, ta sauka kan 'ya'yan waɗannan, ta yi ta gangarawa har zuriya ta ƙare, sannan ta jawo wa kowa abokin aurensa.

Ranar Asabar, ana gobe taro, na baje kwamfutata a teburin cin abincin gidan Kaka. Mai shagon bugawa ya riga ya gargaɗe ni: ƙarfe huɗu yake rufewa, kuma babban injinsa ba ya son gaggawa. Goggo ta ja kujera ta zauna tana ɓare lemo, wai taya ni hira ta zo yi, alhali sunanta ta zo gadi.

Kafin in tura, na yi abin da kowane mai hankali yake yi, na ƙirga. Jadawali ya ce mutum ɗari da arba'in da uku. Bishiyar zuriyar da tambayata ta fitar ta ce ɗari da talatin da huɗu.

Na sake ƙirgawa. Na'ura ba ta canza magana ba.

"Lafiya kika yi tsuru-tsuru?" in ji Goggo.

"Mutum tara ne babu."

Ta ajiye lemon. "Ina ciki?"

"Kina nan, Goggo. Ga ki, ga 'ya'yanki."

Ta ɗauki lemonta ta ci gaba. Tunda dai tana ciki, ko a jikinta.

Zargina na farko shi ne an shigar da wasu sau biyu, jadawalin ya kumbura da iska. Na tambayi rumbun ya kawo min masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya. Bai kawo kowa ba. Na koma kan jadawalin aure, na ce watakila wani ya auri lambar da babu ita. Nan ma lafiya lau. Na duba ko na sa wa tambayar iyakar layuka na manta, kamar yadda nakan yi a ofis lokacin gwaji. Babu. Minti arba'in na ɓata ina zargin mutanen kirki, fanka tana juyawa a kaina amma gumi yana karyo min, kafin in tuna tambayar da ya kamata in fara da ita: su wane ne suke cikin jadawali amma ba su hau bishiya ba? Abin kunya, da wani sabon ma'aikaci ne ya yi min wannan yawon da sai na yi masa wankin babban bargo.

Sunaye tara suka fito reras. Baffa Mai Agogo, matarsa, 'ya'yansu huɗu, jikoki uku. Gida guda ne ya ɓace ɗungurungum.

Baffa kuwa ba mutumin da ake mantawa ba ne. Shi ne mai bi wa babana. Shi yake kai Kaka asibiti, shi yake yanke masa farce, shi kaɗai ne Kaka yake yarda ya ɗaura masa agogo. Na buɗe layukan 'ya'yansa, duk suna nuna lambarsa daidai. Na buɗe nasa. Gurbin uba fayau, gurbin uwa fayau.

To ita na'ura, gurbin da ba a cika ba "ban sani ba" take karanta shi, kuma ba ta yin hasashe don ta faranta wa kowa. Da tambayata ta gangaro daga Kaka ba ta ga igiyar da za ta kai ta wurin Baffa ba, sai ta wuce abinta, ta bar shi da iyalinsa a tsaye.

"Shi ke nan?" Na saki ajiyar zuciya. "Mantuwa ce kawai."

Na rubuta lambar Kaka, yatsana yana kan maɓalli. Sai wata ɗabi'a ta ofis ta riƙe min hannu. Tun ranar da na taɓa gyara abin da ba lalacewa ya yi ba na sha kunya, ba na taɓa layi sai na duba tarihinsa. Rumbun yana ajiye wanda ya canza abu da ranar da ya canza. Na buɗe.

Ranar uku ga wata Goggo ta cike gurbin da lambar Kaka. Ranar huɗu Baffa ya goge. Ranar goma sha ɗaya ta sake cikewa, da yamma ya sake gogewa. Ranar ashirin ma haka, wannan karon ko awa ɗaya bai bari ta yi ba.

Na juya kwamfutar na nuna mata. "Goggo, wane irin wasa ne wannan kuke yi min a cikin rumbuna?"

Ta tsaya tattara ɓawon lemo ɗaya bayan ɗaya. "Taurin kai ne irin nasa," ta ce can. "Ki je ki tambaye shi. Ba daga bakina za a ji wannan ba."

Na saɓi kwamfuta na fita. Shagon Baffa layi biyu ne daga gidan, ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙanshin mai da tsohon katako. Agogon bango sun fi talatin, kuma duk bakinsu ɗaya: biyu da minti goma. Ban taɓa tsanar gwanintar Baffa ba sai ranar. Yana sunkuye da gilashin ƙara girma a ido ɗaya, yana tsintar wani ƙarfe da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Sannu da aiki, Baffa."

"A'a, ɗiyata ce da rana tsaka? Zauna mana."

"Ba zama, Baffa. Me ya sa kake goge min gurbinka?"

Bai ɗago ba sai da ya zaunar da ƙarfen a mazauninsa. Sannan ya cire gilashin ya kalle ni. "Me kika rubuta a saman gurbin?"

"Wanda ya haife shi."

"To, ba shi ya haife ni ba."

Shekarata talatin da ɗaya a duniya, ko a mafarki ban taɓa jin wannan ba.

Ya faɗa min a taƙaice, kamar mai bayanin ciwon agogo. Mahaifinsa abokin aikin Kaka ne a wata masana'anta, ɗakin haya ɗaya suka zauna kafin kowa ya yi aure. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Yana da shekara huɗu zazzaɓin kwana uku ya tafi da uban. Kaka ya ɗauko shi a kafaɗa ya kawo shi gida, ya kwantar da shi kusa da babana, kuma daga ranar ya hana kowa tayar da zancen.

"Amma Baffa, in ban cike gurbin nan ba, gobe babu kai a bango. Babu Inna matarka, babu yara. Ka san abin da Kaka zai ji."

"Yaran ki samo musu wani lungu ki sa su. Ni ki bar ni."

"Haba Baffa!"

"Saurara, ɗiyata. Shekara sittin da biyu mutumin nan ya riƙe ni, ban taɓa sanin na rasa uba ba. Ba butulci nake yi ba. Amma akwai wanda ya haife ni. Ba shi da hoto, ba shi da ɗan'uwa, babu mai tuna shi a duniya sai ni. Gurbin nan da kike gani babu kome, shi kaɗai ya rage masa. In na sa sunan wani a ciki, na goge shi ke nan."

Tausayinsa ya kama ni har na ji idona ya yi zafi. Haushinsa ma ya kama ni, don agogunansa sun ce biyu da rabi. Na san gyaran tambaya iri-iri, amma duk wanda na auna a kaina, ko dai ya sa Baffa yin ƙarya ko ya bar shi yana lilo a gefen takarda kamar baƙo.

"Rufe shagon," na ce. "Wannan ta fi ƙarfin injiniya."

Ya yi gardama, na kafe. A jininmu ne, ko ba jini ba.

Muka tarar da Kaka a baranda yana kurɓar shayi. Na durƙusa na zayyana masa kome, ina jiran sanda. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa kamar yaron da ya fasa tulu. Goggo ta leƙo ta taga.

Kaka ya ajiye kofin.

"Injiniya, na'urar taki tana karɓar waɗanda suka rasu?"

"Tana karɓa mana. Ai Kakata ma tana ciki."

"To buɗe sabon layi."

Na buɗe. Ya faɗi sunan mahaifin Baffa cikakke, da sunan ubansa, da shekarar haihuwa, bai yi ko gargada ba. Ya ce in ƙara wani layin, ya faɗi sunan mahaifiyar Baffa.

"Kusa da ni za ki sa shi, kafaɗa da kafaɗa. Kada ki kuskura ki sa shi a ƙasana. Ya girme ni da wata biyar, kuma kullum sai ya tuna min."

"Tsoho, tambayar tawa daga mutum ɗaya take farawa."

"To ta fara daga biyu. Ko sai an kira miki babban injiniya?"

Goggo ta tuntsire da dariya daga taga. Gyaran bai wuce rabin layi ba: inda na ce a fara daga lambar Kaka, na ce a fara daga lambobi biyu. Saura cike gurbin. Na miƙa wa Baffa kwamfutar, don na gaji da a cike ya goge. Mutumin da hannunsa ba ya rawa a kan ƙarfen agogo, sai da ya kuskure lambar sau biyu kafin ya rubuta ta daidai.

Na saki tambayar. Jadawali ɗari da arba'in da biyar, bishiya ɗari da arba'in da biyar.

"Sun cika!" Na daka tsalle har na kusa kifar da shayin.

"Kin ce mutum tara ne suka ɓace," in ji Kaka. "Goma sha ɗaya ne." Ya juya wajen Baffa. "Zo nan, kai kuma. Ni na ƙi ambatarsa ne don kada ka taɓa jin kai baƙo ne a gidan nan. Ashe kana can kana gadinsa kai kaɗai. Laifina ne. Zauna in ba ka labarinsa, don ba ka san rabin rashin jin da ubanka ya yi ba."

Uku da minti ashirin. Na rungumi kwamfuta na yi hanyar shagon bugawa da gudu-gudu, ina tsara yadda zan lallashi mai injin ya ƙara wa takardar faɗi. Da na kai bakin ƙofar gida na waiwaya. Baffa yana zaune a ƙasa dirshan kusa da kujerar, furfurarsa a jingine da gwiwar Kaka, yana dariya hawaye na zuba. Ita kuwa Goggo har ta fito da kujerarta, tana cewa a dakata kada a fara sai ta zauna.