Lambun Mero a Kan Soro

Akuyar Malam Ilu ba ta da kunya, wannan kowa a lungun nan na Yakasai ya sani. Amma abin da take yi wa Mero, matar Malam Gambo tela, ya wuce rashin kunya. Mero mace ce mai son ganin kore a tsakar gida. Ta shuka na'ana'a, akuya ta shigo ta cinye. Ta shuka lalle, shi ma haka. Ranar da ta tumɓuke mata 'yar bishiyar rumman, Mero ta ce wa mijinta ko dai akuyar ta bar lungun, ko ta kai ƙara gidan mai unguwa.

Hankalin Gambo ya tashi. Shi da Ilu tun suna samari suke zama a tabarma ɗaya bayan la'asar, kuma akuyar nan ita kaɗai ta rage wa Ilu cikin dabbobin da ya gada. In har aka je gaban mai unguwa, ko an sasanta, zaman tabarmar nan ya ƙare.

Sai ya ji labarin wani lambu bayan Ƙofar Nassarawa, inda ake renon shuke-shuke masu ƙaya. Shekarar da soja suka koma bariki ce, sababbin 'yan majalisa na ta gine-gine, mota-mota ake kai musu furanni. Gambo ya hau kekensa da niyya ɗaya: ya samo abin da zai koya wa akuya hankali.

Da ya shiga, sai ya manta da fushin da ya zo da shi. Tukwane ne jere har ƙarshen katanga. Ga murtsunguwa mai zagaye kamar kwarya a kife, ga wata mai farin gashi kamar gemun limamin unguwarsu. Ga kariya da jajayen furanninta, gindinta ƙato, ganye babu. Har karan masallaci, wanda yake takawa a daji ba ya ko waiwaye, an ba shi tukunya mai fenti yana zaune kamar baƙon kirki. Gambo ya yi ta dariya shi kaɗai, ransa fes.

Mai lambun, Jibrin, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, mu fa sari muke sayarwa. Amma me kake nema?"

"Wadda akuya ba za ta sake marmarin ta ba."

Jibrin ya kai shi gaban wata tinya, ya karce ta da wuƙa, farin ruwa ya tsattsafo. "Wannan in ya shiga idon dabba, sai dai a yi haƙuri."

Gambo ya tsaya yana kallon ruwan. Ya tuna yadda Ilu yake ajiye wa akuyar ɓawon ayaba a aljihu, yana kiran ta kamar jika. Kunya ta kama shi.

"A'a, ɗana. Maƙwabciya ce."

Jibrin ya yi murmushi. Suna komawa bakin ƙofa, Gambo ya lura da ganyaye masu kauri da suka karye suka zube a ƙasa, wasu har sun fid da saiwa ba wanda ya shuka su.

"Waɗannan fa, wa ke ba su ruwa?"

"Ba sa son ruwa, Baba, sai jefi-jefi. Rana suke so. Ɗebi, sharewa za mu yi."

Rana, ba ruwa. Gambo ya tuna da saman soronsa, inda Mero ba ta taɓa ɗora shuka ba don kada ban-ruwa ya ci rufin ƙasa. Matakalar kuma tana da ƙyaure, akuya ba ta da hanyar hawa. Ya cire hularsa ya cika ta taf, ya dawo gida kai ba hula, mutane na kallon sa.

Mero ta fara da tsaki, ta ce wannan ai shara ce. Amma da suka fara tofowa a tsofaffin kwanoni a kan soro, sai ta koma kusan can take wuni.

Wata safiya Gambo ya ji sallama. Ilu ne, da igiya a hannu, akuya na biye. Ilu bai iya haɗa ido da Gambo ba.

"Malam Gambo, na ji abin da uwargida ta ce. Kasuwa zan kai ta. Na ce bari in fara sallamar ka."

Kafin Gambo ya buɗe baki, muryar Mero ta sauko daga kan soro.

"Malam Ilu, ina za ka kai mana ita? Mai da ita gida. In ka share turkenta, a aiko mini da takin, shukata na bukata."

Ilu ya ɗaga kai, ya ga kwanoni jere a bakin soro, kore shar. Ya sa hannun riga ya goge ido. Gambo ya shiga zaure ya ɗauko tabarma, ko da yake la'asar da sauran nisa.