Dodon Roba

Ƙanena Mukiibi da bakinsa yake ci. A rumfar kallona da ke unguwar Katwe, shi ke riƙe makirufo yana fassara finafinan Turawa zuwa yarenmu na Luganda, kuma komai lamin fim, in ya sa baki sai ya yi gishiri. Ciwonsa ɗaya, son karatu.

Wani littafin ban tsoro ya tsinto a gwanjo, labarin mutumin da ya tura ɗan'uwansa rijiya ya rufe da dutse. Duk la'asar da aka ɗauke wuta, sai ya karanta wa 'yan kallo babi ɗaya. Abin da ke cikin rijiyar ba a taɓa ganinsa. Sai dai a wayi gari a ga jiƙaƙƙen sawu a bakin ƙofa, gobe a tsakar ɗaki, jibi kusa da gado.

Wanda ya fi kowa kamuwa shi ne Ssentongo mahauci, ƙaton da ke saɓa rabin sa shi kaɗai. Matarsa ta tona masa asiri a bakin famfo, wai ya daina kashe fitila. Ba wanda ya yi dariya, don kowa na da nasa tsoron a ciki.

Saura babi ɗaya, sai Mukiibi ya samo fim ɗin littafin. Na ce ya fara kallonsa shi kaɗai tukuna.

"Haba Yaya Nakitto," ya ce, "wannan littafin ko makaho ne ya yi fim ɗinsa zai yi kyau."

Ya rufe littafin, ya ce wa jama'a ƙarshen a talabijin za su gani.

Ranar Asabar da rana rumfa ta cika maƙil. Ba a yi minti goma ba abin rijiyar ya fito: wani gardi cikin koriyar rigar roba, har zif ɗin bayansa ana gani, yana tafiya kamar mai kurji a cinya. Ba sawu, ba shiru, sai ihu da jini kamar miyar tumatir. Wallahi kunya ta kama ni.

"Jama'a, ba haka yake a littafi ba," in ji Mukiibi. "Ku rufe ido ku saurare ni."

Ina! Wani ɗan acaba ya riga ya hau benci. "Ssentongo! Wannan kwaɗon ne ya hana ka barci? A kawo wa mahauci fitila!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Ssentongo bai kula ɗan acaban ba. Ya tattake mutane ya nufi ƙanena.

"Ni za ka mayar abin dariya? Sati uku kana ɗura mini ƙarya!"

Ya fizge makirufon ya narka masa a baki. Lasifika a kunne take, don haka duk rumfar ta ji ƙarar karyewar ƙashin. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Mukiibi ya zube yana tofar da haƙora. Na rarumi kwalbar lemo na fasa a ƙeyar mahaucin, jini ya wanke masa wuya, ya juyo ya watsar da ni kan benci. Daga nan kowa ya kama na kusa da shi. Dodon roba na cikin ihunsa wani ya jefi talabijin da kujera.

A asibiti aka ɗaure muƙamuƙin Mukiibi da waya. Likita ya ce zai warke, amma maganar ba za ta ƙara fita kamar da ba. Na yi kuka har na gaji.

Kwana tara bayan haka, ina turara ɗanyar ayabar abincinmu a tsakar gida, sai ga Ssentongo da bandeji a ka, ya riƙo hanta a ganye. Hanta ya kawo wa mutumin da kunu kawai ke bi ta tsakanin haƙoransa!

"Yaya Nakitto, ku yafe mini," ya ce. Idonsa ya yi ja wur. Ya juya wajen ƙanena. "Har yau ba na barci. Dodon fim bai dame ni ba, na littafin ne. Sawun ya iso gado, sai me ya faru? Ni ban iya karatu ba. Ko a takarda ka rubuta, Yaya ta karanta mini."

Mukiibi ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da littafin, ya yage babin ƙarshe a hankali, ya ɗaga tukunyata ya cusa shi cikin garwashi. Muka tsaya mu uku har ya cinye.

Wata huɗu ke nan. Wani nake biya yana fassara, ƙanena kuma yana yaga tikiti a ƙofa. Matar mahauci ta ce har yanzu ba a kashe fitilar ba.