Matar da ke jiran ƙoda

A ofishinmu na Chennai, a ƙasar Indiya, ba ma ganin marar lafiya. Likita a Amurka zai duba mutum ya rubuta abin da ya yi, mu kuma mu mayar da rubutun zuwa lambobi don kamfanin inshora ya biya. Fayil ɗin da aka turo maka kaɗai za ka buɗe, sunan da ka gani a ciki kuma ba ya fita daga bakinka.

Kowane farkon wata fayil ɗin wata mata yakan faɗo hannuna. Gwajin jini ne da ake yi wa mai jiran dashen ƙoda, a ga ko garkuwar jikinsa za ta yaƙi ƙodar wani. Sai in sa lambar gwajin, in sa lambar mai jira, in tura. Shekarar haihuwarta ɗaya da ta matata Valarmathi, wadda ta yi irin wannan jiran har ƙasa ta rufe mata ido. Ban san fuskar matar ba. Amma in na ga sunanta nakan ce a raina, to, ta kai wannan watan ma. Ranar nakan ci abinci da kyau.

Sai wata ya kama, fayil bai zo ba. Na gaba ma shiru.

Abu biyu ne ke cire mutum daga layin masu jira. In an yi masa dashe, sai lambarsa ta canza, fayil ɗinsa ya koma sashen su Thenmozhi, abokiyar aikina, can bayan gilashi. In ɗayan ne, ba ya komawa ko'ina.

Thenmozhi ta same ni wajen mai kofi a hutun rana, na riƙe kofi har ya huce.

"Yaya Elumalai, kofin nan bashi ya ci maka? Ka sha shi ko ka sake shi ya tafi."

Na gaya mata, ban da sunan.

"Kai! Duk matan Chennai ba su ishe ka ba, sai wadda ka sani a lamba?" Ta yi dariya, sannan ta dube ni, dariyar ta tsaya. Ta san Valarmathi. Ta rage murya. "Faɗi sunan. Ba zan buɗe komai ba. In ta taɓa biyowa ta hannuna zan gyaɗa kai, shi ke nan."

"In kuma ba ki gyaɗa ba?"

"Mu da yawa ne a sashen, Yaya. Rashin gyaɗawata ba mutuwa ba ce."

Sunan yana kan harshena. Matar ta ba likitanta shi, ba ta ba ni ba. Ta kwanta an ɗebi jininta ba tare da ta san akwai wani tsoho a wata ƙasa da ke ƙirga mata watanni ba. Sanina ba zai ƙara mata kwana ba, ni kaɗai zai yi wa amfani. Amma kuma wa zai cutu da gyaɗa kai?

"Bari kawai, ƙanwata," na ce.

"Amana ce ko tsoro?"

"Da na san wanne ne, da na sha kofina tuntuni."

Ta karɓi kofin daga hannuna ta miƙa wa mai shago ya sake ɗumamawa. Muka tsaya muna kallon motoci. Can ta ce, ba ta dube ni ba:

"Watannin nan sababbin waɗanda aka yi wa dashe sun shigo mana. Har da mata."

"Manya ko yara?"

"Har da sa'o'inka."

"Da yawa?"

"Da dama, Yaya. Kada ka ƙara tambayata."

Ban ƙara ba.