Butocin Ladan Attahiru

Ladan Attahiru ya kara alƙalamin a kunnensa ya girgiza, sai ya ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a ciki kamar tsakuwa a gora. Ya dubi 'yarsa Hamdiya, wadda ta durƙusa a gefen tabarmarsa tana danne dariya, ya ce mata wannan ai fasasshe aka ba ta. Ta ce lafiyarsa lau, ɗan ƙwallo ne ke dama fentin da ke ciki. Ta karɓa ta danna bakinsa sau uku a kan wani guntun katako, sai ga shuɗi ya sauko, mai kauri, kamar sabon rini.

Hamdiya malama ce a wata firamare a cikin Tambuwal. A wani taron bita a Sakkwato aka raba musu alƙaluman fentin don koya wa yara zane, ta samu kwali biyu, ta kawo wa mahaifinta ɗaya mai launi goma sha biyu. Ta ce suna kama roba da katako da ƙarfe da dutse, kuma in sun bushe ruwa ba ya wanke su. Dalilin kawowar kuwa butoci ne.

Shekara goma sha tara ke nan Attahiru yana kula da ƙaramin masallacin da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega. Shi ke kiran salla, shi ke shara, shi ke cika tanki ya jera butoci a kan dakalin alwala. Masallacin matafiya ne, buta kuwa a wurin matafiyi ba ta da tabbas. Mutum zai ɗauka ya zagaya, direba ya matsa oda, ya faɗa mota da ita a hannu, sai a Jega ya tuna. Alhaji Malami, shugaban kwamitin masallacin, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne mai son kowane abu a muhallinsa, ya daɗe yana cewa a rubuta wa kowace buta gargaɗi. Ladan ya gwada biro, ya gwada tawada, alwala biyu ta share.

Washegari da hantsi ya zauna a inuwar dogonyaro da sababbin butoci shida. Ya wanke su, ya ɗan goge jikinsu da sanfefa, takardar yashi, kamar yadda Hamdiya ta nuna masa. Abin da Alhaji Malami ya ce a rubuta shi ne: kayan masallaci ne, kar a ɗauka. Ladan ya ɗora bakin alƙalami a kan robar, hannunsa ya ƙi tafiya. Baƙo ya sauko daga mota a gajiye, ya nufo ɗakin Allah, abu na farko da zai tarbe shi ya zama tuhuma? Ya tuna yawancin butocin mutane ne ke kawowa don ladan sadakar ya kai ga iyayensu da suka rasu. Sai ya rubuta da ajami, baƙi a kan fari: sadaka mai gudana.

Rubutun ya yi kyau, amma filin da ya rage a gefensa ya tsone masa ido. A ƙuruciyarsa shi ne mai yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana a allo, daga Sanyinna har Dogon Daji ana aiko masa, kafin noma da iyali su raba shi da ita. Ya ɗauki ja ya yi wa rubutun gida, ya ɗauki kore ya zagaye gidan. Kafin ya farga, dagi ya fito a wuyan butar, 'yan taurari sun bi hancinta. Ranar nan saura ƙiris kiran azahar ya kuɓuce masa.

Cikin wata guda ya san halin alƙaluman kamar yadda manomi ya san gonarsa. Katako yana shan fenti kamar ƙasar jigawa, gilashi sai an bi shi sau biyu, ƙwarya kuwa kamar don ita aka yi su. Ya yi wa ƙofar gidansa ado, ya yi wa kwanon shan jikarsa. Amma butoci ya fi ji da su. Matafiya kan tsaya da rigar hannu a naɗe suna jujjuya su, wasu har su ɗauki hoto da waya. Ladan yakan yi kamar bai gani ba, yana shara yana jin wani sanyi a ransa.

Sai dai a da buta ɗaya ke tafiya a wata, yanzu kuwa kusan kowane mako. Da farko Alhaji Malami dariya ya yi, ya ce Ladan ya rubuta tana gudana, ga ta kuwa tana gudu. Da aka kai ta goma sha ɗaya, dariya ta ƙare. Wata rana bayan la'asar ya ja shi gefe, ya daɗe yana gyaran murya, sannan ya gaya masa cewa magana tana yawo a tasha wai Ladan ne ke sayar wa matafiya da butocin.

"Ni ban yarda ba, Malam Attahiru, Allah shina gani. Amma baki shi ka yanka wuya. Ka samo muna mai ɗauka kafin wata shi ƙare. In ba haka ba, sarƙa za mu sa musu, kuma akwai masu cewa a ba wani makullin masallacin."

Ladan ya ce to. Ya yi ƙoƙarin sa ido, sai dai mai kiran salla gabas yake kallo, mai salla kuma ba ya waige. Butocin kan tafi ne daidai lokacin da bayansa ke gare su.

Ana saura kwana shida wata ya ƙare aka aiko daga Fakku, a ƙasar Kebbe, cewa an yi wa ƙanwarsa Batula jika. Ya bar wa na'ibi masallaci ya tafi suna. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai, hanyar duk kore, mai babur yana kauce wa kududdufai. Aka raɗa wa jaririya Mu'minatu, aka ci waina, aka sha fura da nonon shanun gidan. Da rana ta karkata ya bi dattawan unguwar zuwa masallacinsu, ɗan ginin ƙasa a bakin gonaki.

A ƙofar masallacin ya tsaya cak. Wani tsoho ne ya fito daga ciki rungume da butoci, yana sauke su a hankali kamar mai sauke ƙwai. Guda biyar. Ladan ya san kowace, ya san ranar da ya zana ta, ya san ma inda hannunsa ya goce a wuyan mai ruwan ɗorawar ya rufe da tauraro.

Tsohon shi ne limamin unguwar, Malam Na'iya. Ganin yadda baƙo ya ƙura wa butocin ido, sai ya yi murmushin mai abin nunawa. Ya ce a da gwangwanaye suke alwala da su, da wata buta guda da aka liƙe da wuta har ta gaji. Wani ɗan unguwar ne, Dogo direba, ke kawo musu waɗannan ɗaya bayan ɗaya daga hanyar Sakkwato. Ba sa barin su a rana, bayan kowace salla ciki ake mayar da su. Kowane dattijo ya san tasa, har akwai wanda bai cika zuwa jam'i ba a da, yanzu shi ke riga kowa don kar a ɗaukar masa mai ja.

"Aikin birni na," in ji Liman. "Irin hannun ga ba a samun shi nan kusa."

Ladan ya ce lalle mai aikin ya yi ƙoƙari. Aka miƙa masa mai kore ya yi alwala. Fentin yana nan daram, sai a mariƙi kawai ya ɗan koɗe, inda tafin hannu ke kamawa sau biyar a yini.

Yana shafar kai ya ga wani dogon mutum ya karyo kwana ya tsaya kamar an dasa shi. Ladan ya san shi sarai, Dogo direba ne. Kowane mako yakan tsaya da bas ɗinsa a masallacin bakin titi, ya durƙusa ya gaishe shi, wani lokaci har da tsarabar rake. Aka ta da salla, suka tsaya a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

Bayan an sallame Dogo ya bi shi gindin wata tsamiya, ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai. Ya ce ta farkon wallahi mantuwa ce, fasinjoji ne suka azalzale shi. Da ya iso gida ya kawo ta masallaci don kar ta zauna a ɗakinsa, Liman ya karanta rubutun ya ce ai sadaka ce, ya tara dattawa suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa tun da yake ba a taɓa yi masa addu'a a gaban jama'a ba. Daga nan in ya tsaya Tambuwal sai ya ji hannunsa ya kai. Biyar ya ɗauka, sauran bai san su ba.

Ladan ya gaya masa abin da ake faɗa a tasha. Dogo ya dafe kai. Ya ce yanzu zai tattara su ya sa a mota, ya je gaban kwamiti ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Abin da Ladan ya yi kusan wata yana nema ke nan, ga shi a tsugune a gabansa. Ya waiga wajen masallacin. Dattawan suna mayar da butocin ciki, wani yana goge tasa da gefen rigarsa. Ya yi tunanin yadda za a karɓe su daga hannunsu, da abin da za a riƙa kiran Dogo da shi a unguwar da aka haife shi, har 'ya'yansa su gada.

"Bar su inda suke," ya ce. "Amma ta ishe ka haka nan. In suna son ƙari, sawo fara ka kawo min, in zana maka ka kawo musu da rana tsaka."

Dogo ya share ido da bayan hannu.

Da Ladan ya je sallama, Malam Na'iya ya shiga ciki ya fito da mai koren nan. Ya ce ya lura tun ɗazu idon baƙo na kanta, kuma mai hidimar ɗakin Allah ba ya zuwa garinsu ya koma hannu rabbana.

"Ka kai masallacinku, mutanen Tambuwal su ma su ga aiki."

Ladan ya sa hannu biyu ya karɓa. Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga wanda ya zana butocin, ko wane ne, ko a ina yake, Allah ya ƙara wa idonsa haske, ya tsare hannunsa daga rawa. Amin ɗin Ladan ya fi na kowa ƙarfi.

Washegari da ya koma Tambuwal ya sami Alhaji Malami a ƙofar gida, ya gaya masa ya ga biyar da idonsa a wani masallacin ƙauye, suna aikin da aka saye su dominsa. Alhaji ya nemi sunan mai ɗauka, Ladan ya ce ya yi alkawari da zuciyarsa ba zai faɗa ba. Alhaji ya yi faɗa, ya ce to da me zai rufe bakin mutane? Ladan ya ce wanda shekara goma sha tara ba ta gamsar da shi ba, suna ɗaya ba zai gamsar da shi ba. Can Alhaji ya ce sarƙa dai sai an sa, makulli kuma ya ci gaba da zama inda yake, wanda ke da magana ya zo ya same shi.

Aka kira mai walda ya zura siririyar sarƙa ta mariƙan butocin, ya kafe ta a jikin dakali. Ladan bai yi musu ba, har ya taya shi riƙewa. Da aka zo kan mai koren, Alhaji ya ce a haɗa da ita.

"Wagga tawa ta, Alhaji. Kyauta anka ba ni."

Ya cika ta da ruwa ya ajiye a ƙarshen layi, ɓangaren titi. Ta yi kwana uku ana alwala da ita ana mayarwa. A na huɗu, da aka sallame la'asar ya fito, sai zagayen danshi ya tarar a kan siminti. Ya ɗan tsaya yana kallonsa, sannan ya tambayi mai rake da ke bakin titi wace mota ce ta tashi yanzu. Mai rake ya ce ta Yawuri ce.

"Yawuri," in ji Ladan, yana ɗaukar tsintsiyarsa. "Ban taɓa zuwa can ba."