Kara na Goma Sha Biyu

"Har ƙasa, Djamila. Yanke shi har ƙasa."

Baba Longji ne ke ba da umarni daga kujerarsa a ƙofar baya, bargo a cinya, robar oksijin a hanci. Ni kuwa ina durƙushe cikin sanyin Fabrairu da almakashi, gaban gindin rasberi goma sha biyu, 'yan itatuwa masu jajayen 'ya'ya da marigayiya matarsa, Mama Celina, ta dasa shekarar da suka tare a wannan gari na Turawa, Pleasant Garden.

"Baba, in na yanke duka me zai rage? A Maradi ba a yi wa itace haka sai an gaji da shi."

"Wannan da kaka yake 'ya'ya, 'yar boko. Tsohon kara ya gama aikinsa. Sabon da zai fito daga saiwa, shi zai haihu."

Ina shekara ta uku a karatun jinya, ban saba a faɗa mini magana in haɗiye ba. Na yanke goma sha ɗaya, na bar na ƙarshe tsaye. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Taurin kai irin na Celina."

Ɗaki nake haya a gidan da ke jikin nasa. Tunda huhunsa ya gaza, ni ke shiga in juya shi, in dama masa kunu. Wata Juma'a Hajiya Hamsatou, dattijuwa cikin mutanenmu na nan, ta tare ni a masallaci.

"Budurwa da ke, kina shiga gidan namiji, kuma Kirista?"

"Hajiya, ke za ki zo ki juya shi?"

Daga ranar aka daina kira na suna da biki. Ban nemi afuwar kowa ba. Sallar layya ni kaɗai na ci shinkafata.

Ɗansa Shekari yana Houston, kuma ya riga ya ce za a sayar da gidan.

"Masu saye ciyawa za su shimfiɗa," in ji Baba. "Ki kwashe rasberin nan tun suna barci, kafin Maris ya ƙare. Haƙa da faɗi, kar ki karkaɗe ƙasar saiwar. Su kaɗai suka rage da hannunta ya taɓa."

Ranar wata Talata ya rasu, da hantsi, ina aji. 'Yan cocinsu suka cika falon da waƙa, ni ina kicin ina wanke kofuna. Wata mata ta leƙo.

"Ke ce 'yar aikin?"

"Maƙwabciya ce."

Shekari ya ce in ɗauki abin da nake so. Na ɗauki shebur da almakashi. Kwana biyu ina haƙa jar ƙasar nan mai danƙo, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na dasa rasberin a jere jikin shingen gidan da nake haya.

Mako uku babu komai sai ƙasa tsirara, da karan nan guda da na ƙi yankewa. Kullum kafin in tafi asibiti sai in zuba ruwa, in tsaya ina tunanin ko na kashe masa su.

Farkon Afrilu goma sha ɗayan suka huda ƙasa, ƙananan ganye masu jan baki. Na sha biyun ya bushe ƙayau. Na tona gindinsa da yatsa, sai ga toho guda, fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Na waiga. An kafa allon sayarwa a gidan Baba, an ɗauke kujerar daga ƙofar baya.

Na ɗauko almakashinsa, na durƙusa, na yanke karan har ƙasa.